Tsibiran Tsakar Gida

Tun cikin azumi na yi musu alkawari:
in an ba da dogon hutu, za mu je mu ga teku.
Ƙanena Lurwanu ne ya ja mini,
da ya turo hoto daga Ikko,
shi da iyalinsa cikin kwale-kwale mai inji,
kowa da rigar kariya ruwan lemo,
a bayansu tsibirai,
bishiyar kwakwa ta sunkuya tana leƙen fuskarta a ruwa.
Barira ta riƙe wayar nan har caji ya ƙare.

Na sayo asusun ƙasa a Kurmi.
Kullum na rufe shagon ɗinkina a Gwammaja
sai in jefa masa abin da ya samu.
Nafi'u kan girgiza shi da dare, ya kara kunne,
wai yana jin igiyar ruwa a ciki.

Sai ga hadarin Yuli da iska a gaba,
ya yaye kwanon ɗakin Gwaggo kamar murfin tukunya.
Da hannuna na fasa asusun.
Teku ta tafi aljihun kafinta,
tsibirai suka koma ƙusa da katako da falle bakwai.
Kwana uku ban haɗa ido da yaran ba.
Alkawari kaya ne,
ni kuwa ko gammo ban da shi.

Ran wata Asabar cikin marka
ruwa ya tsuge tun kiran assalatu.
Kwata ta toshe, rariya ta ƙi haɗiya,
tsakar gida ta cika har ta wuce idon sawu.
Ina neman tsinken ƙarfe in zungure ta,
Barira ta ce, Baba, dakata.

Ta yage tsohon littafinta na lissafi,
ta ninka, ta ninka,
jirage tara suka fito daga darasin rabawa.
Turmin da aka kife ya zama Tsibirin Kwakwa.
Bulo biyu na bakin murhu, Tagwayen Tsibirai.
Kazar Hansatu da ta maƙale a kan tudun itace
ita ce mutanen gari,
tana kallon baƙi da ido ɗaya.

Auta Sagir ya shige baho, muciya ce filafilinsa.
Na naɗe wando har gwiwa,
ni ne inji, ni ne iska,
ina tura shi daga ƙofar kicin zuwa gindin darbejiya,
indararo na dukan ƙeyata.
Gwaggo a bakin ɗakinta mai sabon rufi
ta miƙa tafi, sai an biya kuɗin fito,
gyaɗa biyu kowane kai, ba ta karɓar bashi.

Nafi'u ya faki idon uwarsa,
ya ɗebo gishiri cikin hannu ya watsa.
An ce teku gishiri gare ta, in ji shi.
Hansatu ta ɗaga ludayi za ta yi faɗa,
dariya ta riga ta fita.

Da la'asar wani can waje ya buɗe kwatar.
Muna tsaye tekunmu ta zurare ta ƙarƙashin ƙofa,
ta bi lungu, ta nufi Jakara.
Jirage suka kwanta cikin taɓo,
lambobin jikinsu sun narke.
Turmi ya koma turmi.

Baba, ita ma ta gasken tana tafiya haka?
An ce tana janyewa, Barira,
amma an ce tana dawowa.

Jiya na sake biyawa ta Kurmi.
Sabon asusun yana kan kanta, naira ɗari ce kawai a ciki.
Ban yi wa kowa alkawari ba.
Da dare dai na ji motsi,
Nafi'u ne cikin duhu,
ya kara kunne.